Siminti ba shi ne gyaran tsohon soro ba

A cikin birnin Zariya, da zarar an ce za a gyara tsohon soro, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne a yaɓe shi da siminti, wai don ya yi ƙarfi ya cika ƙa'idar ginin zamani. Nan kuskuren yake.

Bangon tubali yana shan danshi da damina, rani ya busar da shi. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa sosai. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, ciki ya zama kunu. Ƙwanƙwasa shi da yatsa, za ka ji yana amo kamar ganga. Azarar giginya ma, duk juriyarta, in ta daɗe cikin laima sai ta ruɓe.

Magina na dā sun san ruwa sarai. Suna shafa makuba ta ɓawon ɗorawa, su sa indararo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, na Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830.

Ruftawar wani sashe na masallacin a Agustan 2023 ta ƙara tsorata mutane da ginin ƙasa, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma ƙa'ida abin da take nema shi ne rufi ya ɗauki nauyinsa, wayar lantarki kada ta tayar da gobara, jama'a su sami ƙofar fita. Waya ana bi da ita cikin bututu a jikin bango ba tare da an sassaƙe shi ba, injiniya da magini kuma su duba azara ɗaya bayan ɗaya.