Ba kowane dushewar gani ba ne yanar ido

A Bauchi, da zarar tsoho ya ce ganinsa ya dushe, sai a ce yana ce, a bari ta nuna a yi aiki. Wannan jiran yana cutar da iyayenmu.

Akwai cutar da ke kama can bayan ido, a tsakiyar shimfiɗar da ke ɗaukar hoto, wurin da likitoci ke kira makula. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, musamman masu shan taba. Baba zai tafi masallaci da ƙafarsa, yana ganin gefen hanya sarai, amma fuskar jikansa da ke gabansa ta zama duhu, layukan rubutu su karkace. Har a ce yana ƙarya, alhali gaskiyarsa ce.

Aikin yana ba ya gyara wannan. Cutar iri biyu ce: wani irin a hankali yake ci. Wani kuwa jijiyoyin jini ne ke tsirowa suna yoyo, cikin makonni sai gani ya lalace, amma allurar cikin ido tana iya tare shi idan an zo da wuri. In bakin ƙofa ya fara lanƙwashewa a idon Baba, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a duba bayan idon.