William Shakespeare

William Shakespeare (1564–1616) marubucin wasan kwaikwayo ne kuma mawaƙi ɗan ƙasar Ingila. Ana jingina masa wasanni wajen 38, da gajerun waƙoƙi 154 masu layi goma sha huɗu-huɗu, da wasu dogayen waƙoƙi.

Asali da iyali

Littafin cocin Holy Trinity da ke garin Stratford ya nuna an yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu 1564. Ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, amma an saba ɗaukar 23 ga watan. Mahaifinsa John baduku ne mai ɗinka safar hannu, har ya shugabanci garin a 1568. William yana da shekara 18 ya auri Anne Hathaway mai shekara 26, a 1582. Sun haifi Susanna, sannan tagwaye Hamnet da Judith. Hamnet ya rasu a 1596 yana ɗan shekara 11. Daga 1585 labarinsa ya ɓace daga takardu, sai a 1592 aka ji ɗuriyarsa a Landan.

Dandalin wasa

Annoba ta sa an rufe gidajen wasa na Landan tsakanin 1592 da 1594, sai ya koma ga waƙa, ya fitar da Venus and Adonis a 1593. Da aka buɗe, ya shiga ƙungiyar 'yan wasa ta Lord Chamberlain's Men, yana rubutu, yana fitowa a wasa, yana kuma da kaso a ribar. Ƙungiyar ta gina gidan wasa na Globe a 1599 a kudancin kogin Thames, da katakon tsohon gidanta da ta kwance. Tsakiyar gidan fili ne babu rufi. Talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya gaban dandali, ko rana ko ruwa, masu hali kuwa su zauna a benaye. Mata ba sa hawa dandali a lokacin, samari ne suke sa kayan mata su fito a matsayin matan cikin wasanninsa, irin su Juliet ko Desdemona. A Yunin 1613 ana cikin wasan Henry VIII aka harba igwa, tartsatsi ya kama jinkar da ta rufe benayen, gidan ya ƙone ƙurmus. Ba a yi asarar rai ba. An ruwaito cewa wandon wani mutum ya kama da wuta, aka kashe ta da giya.

Ayyuka

Hamlet, Othello, King Lear da Macbeth, wasannin da suke ƙarewa da baƙin ciki, ana ganin ya rubuta su tsakanin 1600 da 1606. Shekara bakwai bayan rasuwarsa, a 1623, abokan aikinsa John Heminges da Henry Condell suka tattara wasanni 36 a kundi ɗaya. Guda 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar da The Tempest, kuma da wuya su kai ga zamaninmu ba don wannan kundi ba. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Rasuwa

Ya rasu a Stratford ranar 23 ga Afrilu 1616, aka binne shi a cocin da aka yi masa baftisma. Tun ƙarni na 19 wasu ke cewa wani ne daban ya rubuta wasannin. Galibin masana ba su yarda ba.