Kef Tawun da Yawon Buɗe Ido na Masu Neman Jinsi Ɗaya

Kef Tawun, wanda taswirar Turawa ke rubutawa Cape Town, birni ne na gaɓar teku a ƙuryar kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, kuma can ne majalisar dokokin ƙasar take zama. A ƙidayar 2022 mutanensa sun haura miliyan 4 da rabi. An san shi da Dutsen Tebur da ke tsaye a bayansa, da tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Yana da wani suna kuma da ba a cika jin sa a majalisar hira a Katsina ko Daura ba: shi ake ɗauka babban masaukin masu neman jinsi ɗaya a nahiyar Afirka, wato maza masu neman maza da mata masu neman mata, waɗanda kan taso daga Turai da Amurka da sauran sassan Afirka su yi hutu a can. Masu tallan garin kan ce rana ce da rairayi ke kawo su. Rana da rairayi suna da tasiri, amma akwai su a Mombasa da Dakar da Legas. Abin da Kef Tawun ya fi waɗannan da shi doka ce.

Asalin irin wannan tafiya

Al'adar ta girmi Kef Tawun. A 1895 wata kotun Landan ta ɗaure marubuci Oscar Wilde shekara 2 da aiki mai tsanani bisa laifin neman maza. Faransa kuwa ta cire laifin daga kundinta tun 1791, kundin Italiya na 1889 ma bai ambace shi ba. Saboda haka masu neman maza da ke da hali daga Ingila da Jamus suka riƙa gangarawa kudu, musamman tsibirin Capri na Italiya, inda ga ɗumi, ga kuma babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa ƙofa. Tanja ta Maroko ta taka irin wannan rawa lokacin da take ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar ƙasashen waje, daga 1923 zuwa 1956. Da ta koma hannun Maroko, kundin 1962 ya sa hukuncin ɗauri, sai baƙin suka ragu, alhali tekun da ranar suna nan yadda suke.

Daga baya wasu garuruwan suka gaji kasuwar: Sitges kusa da Basalona, tsibirin Mykonos a Girka, Puerto Vallarta a Meziko, Key West a Amurka. Bikin masu neman jinsi ɗaya da ake yi a Sidni ta Ostireliya ya faro a watan Yunin 1978, cikin sanyinsu, a 1981 aka mayar da shi lokacin zafi. Yanayi yana da nasa rabon ke nan, amma sai an fara samun wurin da ba za a kama mutum ba.

Yanayi

Lokutan shekara a Kef Tawun akasin namu ne. Watan Disamba da Janairu, sa'ad da hazo ya rufe Katsina, mutane na jin wuta da asuba a Ƙofar Soro, can ana tsakiyar bazara, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare. Zafin ba irin na Afrilu a Daura ba ne. Yakan tsaya wajen digiri 26 ko 27, babu gumi, ruwan sama kuma sai tsakanin Mayu da Agusta. Baturen da ƙanƙara ta dame shi a gida yana samun bazara ta biyu a shekara guda, kuma saboda kuɗin ƙasar, rand, ba shi da ƙarfi a gaban fam da yuro, otal da abinci suna zo masa da araha.

Wanda bai je ba zai ɗauka ruwan ma ɗumi gare shi. Ba haka ba ne. Tekun Atlantika a wannan gefen sanyi ƙarara ne, yakan yi ƙasa da digiri 16 ko a tsakiyar bazara, saboda iskar kudu maso gabas tana kore ruwan sama-sama, na ƙasa mai sanyi ya taso. A Clifton, inda manyan duwatsu suka raba rairayin gida huɗu, na ukun ne aka sani da taruwar maza masu neman maza, kuma galibi kwanciya ake a rana ana hira, ba iyo ba. Mai son ruwan da jiki zai ɗauka sai ya zagaya Muizenberg.

Doka

Gwamnatin wariyar launin fata ba ta yi wa waɗannan mutane sassauci ba. Bayan wani samame da 'yan sanda suka kai gidan biki a unguwar Forest Town ta Johanasbag a 1966, an yi wa dokar ɗa'a gyara a 1969 aka haramta wa maza duk wata alama ta sha'awa tsakaninsu a wurin taro, aka kuma fassara taro da cewa duk inda mutum ya wuce biyu.

Juyin ya zo tare da faɗuwar wariya. Tsarin mulkin wucin gadi da ya fara aiki a 1994, da na dindindin na 1996 a sashe na 9, sun hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake nema. Babu ƙasar da ta riga Afirka ta Kudu rubuta haka a tsarin mulkinta. A 1998 Kotun Tsarin Mulki ta soke laifin luwaɗi, a 2005 ta ba majalisa shekara guda ta gyara dokar aure, a Nuwamban 2006 majalisar ta amince da ƙuri'a 230, masu adawa 41. Ƙasar ta zama ta biyar a duniya da ta halatta auren jinsi, bayan Holan da Beljiyam da Sifaniya da Kanada, kuma har yau ita kaɗai ce mai cin gashin kanta a Afirka da ta yi haka. Ga mai yawon buɗe ido ma'anar wannan a fili take: mutum biyu za su kama ɗaki ɗaya a otal, mai otal ba shi da hurumin korarsu, in ma ya kore su kotu za ta saurare su.

Unguwa da kasuwa

Cibiyar harkar ita ce De Waterkant, ƙaramar unguwa mai tsofaffin gidaje da titunan dutse a gangaren tsaunin Signal, tare da titin Somerset da ya ratsa ta ƙasanta. Nan mashaya da gidajen rawa da ƙananan masaukai suka taru tun shekarun 1990, da tutar bakan gizo a ƙofofinsu. Tutar alama ce da Gilbert Baker ya zana a San Faransisko a 1978. Ɗan kasuwan da ya kafa ta yana sanar da irin baƙin da yake maraba da su ne.

Masu harkar baƙi suna kiran wannan ciniki kuɗi mai ruwan hoda. Lissafinsu shi ne yawancin waɗannan matafiya ba su da ɗawainiyar yara, ba sa jiran hutun makaranta, kuma inda suka ji daɗi sukan koma su kuma tura abokansu. Babban bikin shigar burtu na masu neman jinsi ɗaya, MCQP, ya fara a 1994, suna kuma yin jerin gwanon shekara-shekara a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. A 2016 ƙungiyar IGLTA, wadda ke haɗa kamfanonin irin wannan tafiya tun 1983, ta yi babban taronta a garin, karo na farko a Afirka. An kuma ba Kef Tawun ɗaukar nauyin WorldPride, babban bikinsu na duniya, na 2028.

Unguwar tana da tabon da takardun talla ba sa nunawa. Iyalan da ba farare ba sun zauna a De Waterkant kafin dokar raba unguwanni ta kore su. Haka aka yi wa unguwar District Six, wadda aka ware wa farare a 1966 aka tashi mutum fiye da 60,000. A can akwai maza masu shigar mata da ke riƙe da shagunan gyaran gashi, unguwa ta san su tana kuma hulɗa da su. Bahaushe zai tuna 'yan daudu da sana'ar abinci, ko da yake abin ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Rusau ya watsa su zuwa bayan gari tare da kowa.

Maƙwabta Musulmi

Titi ɗaya ne ya raba De Waterkant da Bo-Kaap, unguwar Musulmi jikokin bayi da malaman da Holan ta kwaso daga Indunusiya da Indiya. Masallacin Auwal, mafi daɗewa a ƙasar, yana can tun 1794. Majalisar malaman garin, MJC, tana kan matsayin da malaman Katsina suke kai, cewa aikin haramun ne, manyan coci-coci da dama ma haka. Dokar ƙasa ba ta tilasta wa limami ɗaura irin wannan aure ba. Wani limami ɗan garin, Muhsin Hendricks, ya bayyana a fili a 1996 cewa shi mai neman maza ne, daga baya ya buɗe masallaci a Wynberg. An harbe shi har lahira a kusa da birnin Gqeberha ranar 15 ga Fabrairun 2025. MJC, da ta daɗe tana sukar koyarwarsa, ta yi tir da kisan.

Bayan dutse

Kariyar da ke kan takarda ba ta isa ko'ina daidai ba, kuma wannan ne babban aibin hoton da ake sayar wa baƙi. Tafiyar kamar rabin awa daga Clifton akwai Khayelitsha, inda a Fabrairun 2006 gungun samari suka kashe Zoliswa Nkonyana, 'yar shekara 19, saboda tana neman mata. Sai a 2012 aka ɗaure mutum 4 shekara 18 kowannensu, bayan an ɗage shari'ar sau da dama. Baƙo mai kuɗi yana yawo cikin aminci a gaɓar teku, 'yar talaka a unguwar kwano tana kwana da fargaba, a gari ɗaya, ƙarƙashin tsarin mulki ɗaya. Wannan ya sa mazauna waɗannan unguwanni suka kafa nasu jerin gwanon, Khumbulani, don tunawa da waɗanda aka kashe.

Akwai kuma masu zuwa ba don hutu ba. Dokar 'yan gudun hijira ta 1998 ta amince da tsangwama saboda neman jinsi a matsayin dalilin neman mafaka, shi ya sa ake samun mutanen Uganda da Zimbabuwe da Kwango a garin suna jiran takardu, wasu shekara da shekaru.

Daga Katsina

Tsarin Najeriya daban ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya, Katsina kuma tana cikin jihohi 12 da ke aiki da kundin hukuncin shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000. Bakatsinen da ke zuwa Kef Tawun galibi karatu ne ke kai shi Jami'ar Kef Tawun, ko taro, ko jinya. A asibitin Groote Schuur na garin aka fara dashen zuciyar mutum a 1967. Hanyar takan bi ta Legas zuwa Johanasbag, ko ta Kano zuwa Addis Ababa, kuma agogonsu ya riga namu da awa ɗaya. In ya sauka ya nemi abincin halal a Bo-Kaap, tutocin De Waterkant suna 'yan mintoci kaɗan da shi a ƙafa.