Lissafin zafin da ke narkar da ƙanƙara ya ɗumama ruwa

Kafin ƙanƙara ta koma ruwa mai ɗumi sai ta bi matakai uku, kowanne da lissafinsa: ta ɗumama har zuwa digiri 0 na Selsiyos, ta narke, sannan ruwan ya ɗauki zafi. Ana auna makamashin zafi da jul, jul 1,000 kuma shi ne kilojul ɗaya.

Matakin farko da na uku ƙa'idarsu ɗaya ce, Q = mcΔT, inda Q ke nufin yawan zafin da ake buƙata. Wato a ninka nauyin abin da kilogiram (m) da zafin da kilo ɗaya ke buƙata don ya hau digiri ɗaya (c), sannan da yawan digirin da ya hau (ΔT). A ƙanƙara c kusan jul 2,100 ne, a ruwa kuwa kusan 4,180.

Na tsakiyan ne ke da ban mamaki. A saka ma'aunin zafi cikin ƙanƙarar da ke narkewa, a riƙa juya ta a kan wuta: zai kafe a digiri 0, ba zai motsa ba sai guntun ƙarshe ya narke. Zafin yana shiga, amma yana ƙarewa ne wajen warware tsarin da ya ɗaure ƙwayoyin ruwan da juna. Wannan shi ne ɓoyayyen zafi, wanda Joseph Black na Jami'ar Glasgow a Birtaniya ya bayyana a farkon shekarun 1760. Ƙa'idarsa Q = mL, inda L ke nufin ɓoyayyen zafin narkewa, kuma na ƙanƙara kilojul 334 ne ga kowane kilo. Ba ƙaramin adadi ba ne, domin ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80.

Ɗauki rabin kilo na ƙanƙara a digiri −10, ana son ruwa a digiri 25. Ɗumama ƙanƙarar: 0.5 × 2,100 × 10 = jul 10,500. Narkarwa: 0.5 × 334,000 = jul 167,000. Ɗumama ruwan: 0.5 × 4,180 × 25 = jul 52,250. Jimilla jul 229,750, narkewa kaɗai ta cinye kusan kashi 73 cikin 100. Ɗalibin da ya tsallake ta ya lissafa daga −10 zuwa 25 kai tsaye, amsarsa ba za ta kai ko sulusin gaskiya ba.

Na'ura mai ƙarfin wat 1,000 tana ba da jul 1,000 a daƙiƙa, don haka a takarda aikin bai kai minti huɗu ba. A zahiri yakan wuce haka, tunda tukunya da iska ma suna shan rabonsu na zafin.