Waiwaye: Yadda abincin tsuntsaye 'yan ci-rani ya ragu a fadamar Haɗejiya

Duk shekara idan sanyi ya kama, zancen tsuntsayen Baturiya, dausayin da ke cikin fadamar Haɗejiya a jihar Jigawa, sai ya dawo. Masunta da manoman Kirikasamma da Guri suna cewa tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a fadama ba sa sauka kamar da. Wasu na ganin laifin maharba ne, wasu masu sare itatuwa, wasu kuma sauyin yanayi. Tun bayan ambaliyar 2022 aka ƙaro wata tambaya: ga ruwa ko'ina, me tsuntsun ruwa ya rasa? Abinci ya rasa, kuma ba jiya abin ya fara ba.

Farkon labarin sananne ne. An yi fari a 1973, aka sake yi a 1984. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ruwan da ke malala a fadama da damina ya ragu ƙwarai. Daga baya tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ma ta shiga a 2008.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kogin Haɗejiya ya daina ƙafewa da rani. A da kogi ne mai cika da janyewa. Ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya shiga fadama, tarwaɗa da karfasa su bi shi su yi ƙwai a cikin ciyawa. Da kaka sai ya fara ja da baya a hankali, yana barin taɓo da ƙananan kududdufai cike da 'ya'yan kifi, katantanwa, tsutsa da ƙwari, ga ƙwayar bado da ta ciyayin fadama. Daidai wannan lokaci baƙin suke isowa. Agwagin ruwa su hau tsintar ƙwaya, masu dogon baki su bi taɓo suna caka, fararen nan masu shawagi a kan tafki su dinga ɗaukar kifin da ruwa ya bari a baya. Ruwan da ke janyewa suke bi, ruwa mai zurfi da ke tsaye ba ya ba su komai.

Da aka fara sako ruwa daga madatsu da rani domin noman rani da ruwan sha (buƙatu ne na gaskiya, shinkafar Kadawa da ta Auyo ba ƙaramin rufin asiri ba ce), sai hanyoyin ruwa suka zama jiƙaƙƙu shekara zagaye. Nan kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu wurin zama. Can baya zafin bazara ne ke busar da saiwarta, makiyaya su shigo da shanu su tattake sauran. Yanzu ba ta ganin ƙasa busasshiya. Ta yi tsayi ta wuce mutum, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, lakar kuma ta zame mata sabon wurin yaɗuwa. Haka ta cushe tsohuwar hanyar kogin da ta Burum Gana, ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Nguru. Wani wuri ya nutse ba ya bushewa, wani ya bushe ba ya ganin ruwa, kuma duka biyun babu taɓon da tsuntsu zai yi kiwo.

Mai son ya ga bambanci ya dubi ɓangaren kogin Jama'are, wanda ba a datse shi da babbar madatsa ba: har yau yana cika da damina ya ja da rani.

Abin takaici, tsuntsun da ya ci ribar wannan sauyi shi ne jan-baki, wanda ke kwana a cikin kachala ya wayi gari a gonar shinkafa da gero. Masunci ma da ya kasa tura kwalekwalensa cikin duhuwar, asararsa da ta baƙin tsuntsayen tushensu ɗaya.

Hana harbi daidai ne, ina goyon baya. Yankan kachala da inji da aikin gayya ma yana buɗe hanya. Amma saiwarta na nan a cikin laka, kuma muddin wurin bai samu 'yan watannin bushewa a shekara ba, kafin wata damina ta sake tofowa.