Mayar da jitar lantarki ta dama ta koma ta bahago: tambayoyi da amsoshi

Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, amma sai ka shiga shagon kayan kiɗa ka tarar da bango cike da jita ba ka ga ta hagu ko ɗaya ba. Idan ka samu ma, sau da yawa ta fi tsada, kuma babu zaɓin launi ko samfuri. Shi ya sa bahagwai da yawa suke sayen ta dama su juya ta.

Ba juya jitar kawai ake yi a ci gaba da kaɗawa ba?

Hanya biyu ce, kuma mutane suna yawan haɗa su. Ta farko ita ce ka kifar da jitar ka bar tsirkiyoyinta yadda suke, wato siririyar ta koma sama, mai kaurin ta dawo ƙasa. Haka makaɗin Amurka Albert King ya yi da jitarsa Gibson Flying V, haka ma takwaransa Otis Rush. Ba ka kashe ko sisi ba, sai dai duk wani darasi da za ka gani a littafi ko a YouTube zai zame maka bai-bai, dole ka ƙirƙiro wa yatsunka tasu hanyar.

Ta biyu ita ce ta Jimi Hendrix, wanda ya rasu a Landan a 1970: ya ɗauki Fender Stratocaster ta dama ya kifar da ita, sannan ya sake jera tsirkiyoyin, mai kauri a sama kamar ta kowa. Wannan ce ake nufi idan an ce mayar da jita ta hagu, kuma ita ce ke buƙatar aiki.

To idan na kwance tsirkiyoyin shida na sake jera su, me ya rage?

Babban aikin ne ya rage. A ƙarshen wuyan jita, dab da kanta, akwai wani ɗan matashi na ƙashi ko roba mai tsaga shida, wanda masu gyara ke kira nat. Kowace tsaga an yanke ta daidai kaurin tsirkiyarta. A jerin da aka fi amfani da shi, mai lamba 10 zuwa 46, siririyar ba ta wuce milimita 0.25 ba, mai kaurin kuwa ta kusa milimita 1.2. Idan ka sauya musu wuri, mai kaurin ba za ta shiga tsagar siririyar ba, sai ta hau kai ta zauna, ta yi tsawo har danna ta ya zama wahala. Ita kuma siririyar sai ta faɗa cikin faffaɗar tsaga tana yawo, tana zizar da ke ɓata sauti.

Wasu sukan ce a ciro nat ɗin a juya shi gaba ya koma baya. Ban cika ba da wannan shawarar ba, domin tsagogin an yi su ne da ɗan gangare zuwa wajen kan jitar. In ka juya, gangaren ya kalli wuya, wurin da tsirkiya ke tashi ya gusa, saiti ya lalace tun daga tushe. Abin da ya fi shi ne sabon nat na hagu. Kamfanin Graph Tech yana yin su a shirye, mai gyara kuma zai iya sassaƙa maka na ƙashi. Wajen cire tsohon, a fara bin gefensa da reza don kada fentin ya ɓantare, a ɗan ƙwanƙwasa a hankali. Sabon kuma ɗigon gam ɗaya ko biyu ya ishe shi, tun da tsirkiyoyin ne ke danne shi. Idan jitar mai Floyd Rose ce, wato tsarin da ke kulle tsirkiyoyi don kada saiti ya kwance, nat ɗinta na ƙarfe ne mai kulli, sai dai a sayo na hagu.

Na canza nat, na saita ta, amma ina hawa tsakiyar wuya sai sautin ya kauce. Me ya jawo?

Jaki ne, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, kamar jakin garaya. Tsirkiya mai kauri tana da tauri, don haka tana buƙatar ɗan ƙarin tsawo a kan siririya kafin sautinta ya zauna daidai. Shi ya sa in ka duba za ka ga mazaunan tsirkiyoyin ba a layi ɗaya suke ba, na masu kauri sun ja baya. Da ka juya jeri, dole wannan tsarin ma ya juya.

Gwajin ba wuya. Saita tsirkiyar a sake da na'urar saiti ko manhajar waya, sannan ka danna ta a gaɓa ta 12, wadda ita ce rabin tsawonta (gaɓoɓi su ne 'yan sandunan ƙarfen da ke jere a kan wuyan jita). Idan sautin ya zarce sama, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka ja mazauninta baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, ka matso da shi gaba. Duk murɗa sukurun da ka yi, sake saitawa kafin ka gwada. Daga nan sai tsayi: masu kauri sun fi kaɗawa da faɗi, don haka akan bar musu kamar milimita 2 a gaɓa ta 12, sirara kuma wajen 1.6, da ɗan alanki ake ɗagawa.

Kowace jita ce ke karɓar wannan?

A'a, kuma nan ne mutum zai yi wa aljihunsa adalci. Stratocaster tana da mazauni shida, kowanne da sukurunsa, jakin kuma a miƙe yake, saiti ya zo da sauƙi. Jitocin Gibson kuwa an kafa jakinsu ne a ɗan karkace, ɓangaren masu kauri ya fi ja baya. In aka juya, sau da yawa sukurun kan ƙure bai kai inda ake so ba. Wani lokaci juya fuskar mazaunan yakan ceci lamarin, wani lokaci kuwa sai an toshe ramukan an huda sababbi, aikin da ba a ba ɗan koyo.

Ta fuskar siffa, a cikin jitocin Gibson, SG da ES-335 da Flying V kusan ɗaya suke dama da hagu, ba sa nuna an kifar da su sosai. Les Paul kuwa, a ganina, a ƙyale ta. Gefe ɗaya kawai aka yanke mata don hannu ya kai gaɓoɓin ƙarshe, in ka kifar da ita yankan ya koma sama inda ba shi da amfani.

Akwai abin da ba ya gyaruwa?

Mamurɗan ƙara da rage sauti za su dawo ƙarƙashin damtsenka, kana kiɗa kana murɗa su ba da niyya ba. Sandar girgiza sauti ita ma ta koma sama, haka ramin wayar amfilifaya. Wurin da aka saɓe a jikin Stratocaster don hannu da ciki su huta ya tafi wani ɓangaren. Ɗigogin gefen wuya da ke nuna maka gaɓa sun koma kallon ƙasa, amma wannan ƙaramin abu ne, ɗan fenti ko sitika ya wadatar. Maƙalin igiyar rataya sai an mayar da shi ɗaya ƙahon jikin jitar, cikin biyun da ke gefen wuya, wanda ya fi gajarta, don haka kan jitar yakan riƙa rinjaya ƙasa. Igiyar fata mai faɗi tana rage wannan. A huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukurun, kada katakon ya tsage.

Sauti yana canzawa?

Kaɗan. Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, na kusa da jaki a Stratocaster a karkace yake, ya fi kusantar jaki ta wajen sirara. Bayan juyi masu kauri ne ke samun wannan kusancin, sai su ƙara kaifi, sirara kuma su ɗan yi taushi. Masoya Hendrix suna danganta wani ɓangare na sautinsa da wannan, ni dai na fi ba yatsunsa da amfilifayarsa kaso mai tsoka. Abin dariyar shi ne, Stevie Ray Vaughan da hannun dama yake kiɗa, amma ya sa wa jitarsa sandar girgiza ta hagu don ta zauna a sama irin ta Hendrix. Kada a manta a sauke fikof ɗin kaɗan ta ɓangaren da masu kauri suka koma.

Ni yanzu zan fara koyo. In juya, in nemi ta hagu, ko in koya da dama?

Mu da aka saba kwaɓar yaro in ya miƙa hannun hagu cikin kwano, mukan ɗauka komai ma ana iya tilasta shi. Wasu kam sun yi: Mark Knopfler bahago ne, da dama yake kiɗa, kuma duk jitar da ya tarar zai iya ɗauka. Wasu kuwa hannun kaɗawar ba ya yarda. Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, da hagu yake kiɗa har yau.

Ari jita ka riƙe ta ta kowane ɓangare na 'yan kwanaki, ka lura da hannun da ya fi riƙe kari. Idan hagu ce kuma akwai ta hagu da kuɗinka zai kai, saye ta. Idan ta dama ce a hannunka, mai irin jakin Stratocaster, kuɗin sabon nat da jerin tsirkiya da ladan mai gyara ne kawai a gabanka. Ka adana tsohon nat ɗin a cikin jakar jitar, domin ranar da za ka sayar da ita, mai sayen kusan kullum na dama ne.