Order of magnitude: kwatanta girma da ninki goma

"Order of magnitude" magana ce ta Turancin Ingilishi wadda masana kimiyya da injiniyoyi suke amfani da ita idan za su kwatanta girman abubuwa biyu a ƙiyasce. Kowane mataki ɗaya yana nufin ninki kusan goma. Idan aka ce abu ya fi wani da "an order of magnitude", to ya ninka shi wajen sau goma. Ko sau 8 ne ko sau 13, maganar ta zauna, domin tun asali ba a ƙirƙire ta don ƙididdiga dalla-dalla ba.

Matakan ninka juna suke yi. Mataki biyu sau 100 ne, uku sau 1,000, shida kuwa sau miliyan ɗaya. Wani kuskure da ake yi shi ne ɗaukar "two orders of magnitude" a matsayin sau 20, saboda mai karatu ya tara goma da goma maimakon ya ninka su.

Ana gano adadin matakan ta hanyar raba babbar lambar da ƙaramar, sannan a duba ko sakamakon ya fi kusa da 10, ko 100, ko 1,000. Faɗin Duniya kilomita 12,742 ne, na Rana kusan 1,392,000. Rabawar ta ba da 109, wato mataki biyu.

Inda ake samun saɓani shi ne a kan iyakar da ke tsakanin mataki da mataki. Masu tsantseni suna yanke ta a 3.16, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da kusan 10. A wannan ma'auni mataki ɗaya yana farawa daga sau 3.16, na biyu daga 31.6, na uku daga 316, don haka sau 300 mataki biyu ne, sau 400 kuma ya shiga na uku. Nisan Rana daga Duniya, kusan kilomita miliyan 150, ya ninka na Wata, kilomita 384,400, wajen sau 390. Mai bin wannan iyaka zai ce mataki uku, mai ƙirga sifili kawai ya ce biyu. Don haka a rubutun bincike gara a kawo ainihin lambar.

Ma'aunin girgizar ƙasa na Charles Richter, na shekarar 1935, a kan wannan tsari yake: girgiza mai lamba 6 ta ninka mai lamba 5 sau goma a motsin da na'ura ke ɗauka, amma ƙarfin da take saki ya kai wajen sau 32.

A hirar yau da kullum da tallace-tallace wasu kan yi amfani da maganar don kambama bambancin da bai wuce ninki biyu ko uku ba, wanda a lissafi bai kai mataki ɗaya ba.